Ɗalibin da Ba Ya Jin Ƙararrawa

A garin Tempe na jihar Arizona, cikin hamadar kudu maso yammacin Amurka, akwai wata kwaleji mai suna Rio Salado wadda kusan kowace Litinin ranar buɗe makaranta ce a wurinta. An kafa ta a 1978 ba ta da harabar kanta, aron ɗakuna take yi nan da can a gundumar Maricopa. A 1996 ta fara koyarwa ta intanet. Yau mutum zai yi rajista a tsakiyar wata, ya fara darasi mako mai zuwa, ya yi karatunsa da asuba ko da tsakar dare, ba sai ya jira zangon Agusta ko na Janairu ba.

Rio Salado ɗaya ce daga cikin kwalejojin al'umma kusan dubu da ke Amurka, makarantun shekara biyu masu sauƙin kuɗi da ba sa mayar da kowa daga bakin ƙofa. Ta farkonsu ta gwamnati, Joliet, an buɗe ta a jihar Illinois a 1901, amma sun yaɗu ne sosai bayan rahoton kwamitin Shugaba Truman na 1947. Ɗalibansu da yawa magidanta ne, kuma kusan kashi biyu cikin uku ba cikakken lokaci suke karatu ba. Akwai mai jinyar tsofaffi da ke tashi aiki ƙarfe goma sha ɗaya na dare, akwai tsohon soja, akwai uwar yara biyu da ke ɗora kwamfuta a teburin cin abinci bayan ta kwantar da su, kwanukan dare na jiran wanki a gefe. Irin waɗannan, idan aka ce sai sun zauna a aji ƙarfe tara na safe, an sallame su ke nan. Shi ya sa tsarin da kowa zai tafi daidai ƙarfinsa ya karɓu.

Sai dai tsarin yana da miki, kuma an san da mikin tun kafin intanet. A 1968 masanin halayyar ɗan Adam Fred Keller ya bayyana wata hanyar koyarwa a jami'a: a yanka darasi gunduwa-gunduwa, ɗalibi ba zai wuce gunduwa ba sai ya ƙware a kanta, kuma ba mai korarsa. Waɗanda suka kai ƙarshe sun koyi abu da kyau. Ƙorafin da malamai suka yi ta yi shi ne “sai gobe”: ɗalibi ya yi ta ɗage aiki har zango ya ƙare masa a ka. Da karatu ya koma intanet, masu bincike biyu na Jami'ar Columbia, Di Xu da Shanna Jaggars, sun bi bayanan ɗaliban kwalejojin al'umma na jihohin Virginia da Washington, suka ga masu darasin intanet sun fi na cikin aji janyewa, kuma giɓin ya fi faɗi ga waɗanda dama karatu ke ba su wuya.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ƙararrawa da kujerar aji da abokin zama suna yin wani aiki da ba a rubuta a manhaja ba: suna tona rashin zuwan mutum. Masani Vincent Tinto ya gina sunansa tun 1975 a kan wannan batu, cewa ɗalibi yakan zauna ne gwargwadon yadda ya saƙu cikin jama'ar makaranta. Mu ma mun san karatun da kowa ke bin gudun kansa. A makarantar zaure wani yana Ahalari, wani Ishmawi, wani ya kai Risala, kowa da inda ya tsaya jiya. Amma tabarma ɗaya suke zaune, kuma ranar da gurbin wani ya zama wayam, malam zai ce, “Ina wane? Lafiya kuwa?” Wanda ke karatu shi kaɗai a gaban kwamfuta zai iya ɓacewa mako uku ba wanda ya yi cigiyarsa.

Jihar California ta ɗanɗana wannan da tsada. A 2018, bisa matsawar Gwamna Jerry Brown, aka kafa Calbright, kwalejin al'umma ta intanet zalla, kyauta ga 'yan jiha, kowa da saurinsa, da jarin farko na dala miliyan 100. Da mai binciken kuɗin jiha ya fitar da rahoto a 2021, sai ga shi cikin ɗalibai sama da 900 da suka shiga a shekarar farko, 12 kacal suka kammala. Kuɗin makaranta ba shi ne shingen ba, tunda ba a karɓi ko sisi ba. 'Yan majalisa sun nemi a rufe ta, ta dai tsira, kuma gyaran da ta shiga ya haɗa da sa wa ɗalibai wa'adi da ƙara masu bibiyarsu.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, shirin tallafin da aka fi samun hujjar nasararsa akasin sakin linzami yake yi. Jami'ar Birnin New York ta ƙaddamar da ASAP a kwalejojinta na al'umma a 2007. Ana cike wa ɗalibi abin da ya rage na kuɗin makaranta, a ba shi littattafai, a ba shi katin shiga jirgin ƙasa da bas kyauta. A madadin haka dole ya yi karatu cikakken lokaci, dole ya riƙa ganin mai ba shi shawara a kai a kai, kuma katin nan yana rataye da cika sharaɗin. A shekarun farkon shirin, mai ba da shawara ɗaya yana riƙe da ɗalibai 60 zuwa 80, alhali takwaransa na wajen shirin ɗaruruwa ne a wuyansa. Cibiyar bincike ta MDRC ta raba ɗalibai gida biyu ta hanyar ƙuri'a: bayan shekara uku, kashi 40 cikin ɗari na 'yan shirin sun kammala, na waje kashi 22. Aka maimaita a kwalejoji uku na Ohio, aka samu 35 da 19. To amma mai jinyar nan da ke tashi aiki da dare ba za ta iya cikakken lokaci ba. Abin da za a iya aro mata daga ASAP shi ne mutumin da ya san sunanta, wanda kuma yawan ɗalibai bai shaƙe shi ba.

Akwai kuma ciki da aljihu. Kwalejin Amarillo ta jihar Texas, a zamanin shugabancin Russell Lowery-Hart, ta tambayi ɗalibanta me ke hana su gamawa, sai amsoshin suka fito daga wajen aji: haya, rainon yara, abin hawa, abinci. Ta buɗe cibiya mai rumbun abinci da ɗakin tufafi da ma'aikatan jin daɗin jama'a, ta ware asusun gaggawa mai biyan kuɗin wuta ko gyaran mota ba tare da doguwar takarda ba. A 2023 ta raba kyautar Aspen, wadda ta fi kowace daraja a tsakanin waɗannan kwalejoji, da Imperial Valley ta California. Sai dai rumbun abinci a harabar makaranta yake. Ɗalibin da ke nesa ba zai bi ta gabansa ya ga gwangwanayen wake da fakitin taliya a jere ba, balle kunya ta sake shi ya shiga. Sai an kira shi an tambaya.

Ita Rio Salado ta bi ta wata hanya. Tana da masu amsa matsalar na'ura dare da rana, ɗakin karatu da masu bita duk ta intanet, da wata manhaja da ke lura da yawan shigar ɗalibi da yadda yake miƙa aiki, ta nuna wa malami tun makon farko-farko wanda ya fara sanyi. Darussanta kuma suna da ranar ƙarewa. Za ka iya sauri, amma jinkiri yana da iyaka. Batun rayuwar harabar makaranta kuwa, akwai ƙungiyoyin ɗalibai irin su Phi Theta Kappa ta masu hazaƙa, akwai taruka ta bidiyo, akwai bikin yaye ɗalibai inda wasu ke fara haɗa ido da malaminsu. Ban raina su ba, amma a ganina mai aiki biyu da goyo ba kulob yake nema ba. Ya fi buƙatar abokan darasi uku ko huɗu a zauren waya da zai tambaya ƙarfe ɗaya na dare, da saƙon malami wanda ya nuna an karanta aikinsa da gaske.

Duk wannan albashin mutane ne, kuma nan gizo ke saƙar. A lissafin MDRC, ASAP ya ci ƙarin kimanin dala 14,000 kan kowane ɗalibi cikin shekara uku, ko da yake kuɗin da aka kashe kan kowace shaidar kammalawa ya ragu saboda yawan masu gamawa. Majalisun jihohi kuwa sukan so karatun intanet ne don ana ce musu ya fi arha. A kasafin 2015, jihar Arizona ta soke gaba ɗaya tallafin gudanarwa da take bai wa kwalejojin Maricopa da na Pima, aka bar su da kuɗin makaranta da harajin gidaje na gunduma, Rio Salado na cikinsu.