Romo, Kwaɗo da Kayan Zaƙi a Teburin Walimar Haɗejiya

(Kiɗan buɗe shiri)

Yau shirinmu na musamman ya ya da zango a Haɗejiya ta jihar Jigawa, kuma na masu kwaɗayin zaƙi ne, mutanen da ko tuwo suke ci hankalinsu yana kan abin da za a kawo daga baya.

A 'yan shekarun nan wani salon ciyar da baƙi ya shigo walimar aure da ta suna a garuruwan Arewa. Maimakon a zuba wa kowa a kwano, sai a jera kuloli da farantai a kan dogon tebur, kowa ya ɗauki faranti ya ɗebi abin da ransa ke so. A manyan otal-otal na Kano da Abuja kuɗi mai kauri ake biya kafin a tsaya a irin wannan layi. A Haɗejiya kuwa, gida mai matsakaicin ƙarfi yana iya cika teburin ba tare da ya ci bashi ba, domin kusan duk abin da ke kansa daga fadamar garin ya fito.

Kulolin romo da miya ne a farkon layi. Farfesun tarwaɗa, da citta da masoro da attaruhu, shi ne ke fara ƙarewa, kuma ba abin mamaki ba ne a garin da kasuwar kifinsa ta yi suna har Kudu. Kogin Haɗejiya, wanda ya samo asali daga haɗuwar kogin Kano da na Challawa, yana ratsa Wudil da Ringim ya iso nan, sannan ya bazu cikin dausayin Haɗejiya da Nguru kafin ya haɗu da na Jama'are su nufi Tafkin Chadi. Daga wannan ruwa masunta ke fito da tarwaɗa da karfasa da ragon ruwa. Kusa da farfesun akwai miyar taushe, ta kabewa da gyaɗa da alayyafo, tana jiran waina.

Wanda ya saba da irin wannan teburi ba ya cika faranti tun daga nan. Ludayi ɗaya na romo ya ishe shi, saboda ya san akwai sauran tafiya.

Sai kwaɗo. Zogale da aka dafa aka matse, a barbaɗa masa dakakken ƙuli-ƙuli, a yanka tumatir da albasa, a ɗiga man gyaɗa. Ga na rama mai ɗan tsami, ga na latas da kabeji da lansir, waɗanda ke wadata da sanyi idan lambun rani ya kankama. Kwaɗo shi ne mafi araha a teburin, kuma shi ke share baki ya shirya shi domin zaƙi.

(Kiɗa)

To, masu sauraro, a ƙarshen teburin ne mai kwaɗayin zaƙi ke rage sauri.

Alkaki ne sarkin wajen. Duk wadda ta iya shi za ta gaya muku ba aikin gaggawa ba ne. Ana ɓarza alkama, a murje ta da mai, a kwaɓa da ɗan nono ko yis, a rufe ta kwana har ta yi tsami. Washegari a zuba ruwan kanwa, a kirɓa, a murza siriri a naɗe shi ya yi ƙulli, a soya a wuta marar ƙarfi, sannan a tsoma shi cikin zuma ko dafaffen sukari da aka matsa wa lemon tsami. Mai kyau yana ƙaras a baki daga waje, cikinsa kuma ya sha zaƙi har tsakiya. Idan aka gutsura aka tarar da ciki fari fat a bushe, an yi saurin tsame shi.

Alkamar nan ba daga nesa take zuwa ba. Da sanyin hunturu ake shuka ta, wajen watan Nuwamba, a girbe a Maris ko Afrilu. A watan Janairun 2023 shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya ƙaddamar da aikin noman rani na kwarin Haɗejiya a ƙaramar hukumar Auyo, kuma a Nuwamban 2023 daga yankin Haɗejiya aka buɗe shirin noman alkama na rani na ƙasa baki ɗaya.

Kusa da alkaki akwai nakiya, wadda ita kuma 'yar shinkafa ce. A wanke shinkafa a shanya, a daka da citta da kanumfari da barkono, a soya garin sama-sama, a haɗa da zuma ko sukari da man shanu, a yi ta kirɓi a turmi har ta kama jikinta. Zaƙinta yana tafe da yaji, kuma takan yi watanni ba ta lalace ba. Shi ya sa ba a raba ta da gara, kayan da iyayen amarya ke kaiwa gidan ango. Tun kafin a san teburin walima, a fantekar gara ake auna gwanintar matan gida.

Ga kantu, wato soyayyen riɗi da aka juye cikin narkakken sukari, aka baza a faranti aka yanka tun da zafinsa. Jigawa tana sahun gaba wajen noman riɗi a Najeriya, kuma daga kasuwanni irin su Maigatari buhunansa ke kama hanyar Japan da Sin da Turkiyya. Ga dubulan mai ninki-ninki, ga gireba mai narkewa a baki, ga tuwon madara da gullisuwa waɗanda yara ke rububi. A gefe kuma an yanka kankana, an zuba dabino, wanda Dutse ta yi fice da shi, ga fura da nonon Fulanin da ke kiwo a fadama, ga zoɓo mai sanyi.

Gwanin zaƙi yana da tsarinsa. Yakan fara da kankana, ya bi da gireba, ya ɗauki kantu ɗaya, ya bar alkaki da nakiya su zo a ƙarshe, domin bayan su harshe ba ya ƙara jin ɗanɗanon komai. Yana kuma sane da gargaɗin likitoci. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukari ya kai kashi 10 cikin ɗari na ƙarfin abincin da mutum ke ci a rana, kimanin ƙaramin cokali 12 ke nan ga baligi, kuma zuma ma tana cikin lissafin. Mai ciwon sukari kuwa, sai da shawarar likitansa.

(Kiɗa)

Arahar teburin nan tana da sharaɗi. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, yanayin zuwan ruwa ya sauya. Ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa da dama, ta cinye gonaki da wuraren su. Ambaliyar 2022 ta shafe gonakin shinkafa masu yawa a masarautar. Duk shekarar da hakan ta faru, mudun shinkafa ya hau, mai nakiya ta rage girman curi. Sukari kuma, wanda Najeriya ke shigo da yawancin ɗanyensa daga Brazil, yana bin farashin dala ne. Wannan ya sa wasu mata ke komawa ga mazarƙwaila da zuma, kamar yadda kakanninsu suka yi.

Matan nan su ne ƙashin bayan sana'ar kayan zaƙi. Daga cikin gida suke karɓar aikin gara da na walima, yanzu har ta waya, kuma da ribar suke sayen littattafan yara da kayan ɗakin 'ya'yansu mata. Saboda haka kira ga masu shirin biki a Haɗejiya da Auyo da Kafin Hausa da Malam Madori: kafin a aika Kano sayen kek, a leƙa gidan mai alkaki ta unguwa. A ba ta aikin da wuri, domin kwaɓin sai ya kwana, kuma bayan girbin alkama layi yakan yi tsawo.

A nan muka kawo ƙarshen shirin na yau.

(Kiɗan rufe shiri)