Gyaran Daɓen Ɗaki da Hannunka: Daga Makuba Zuwa Leda

Da zarar kaka ta yi a ƙasar Daura, aka kai gero da wake rumbu, sai hankalin magidanta ya koma kan gyaran gida. Daga Daura zuwa Sandamu, Zango, Baure da Mai'adua, za ka tarar wannan yana yaɓe, wancan yana shirin jeren amarya. Sai dai abin da aka fi mantawa da shi, shi ne ƙasan ɗaki, alhali kuwa a nan ne jariri yake rarrafe, a nan ake shimfiɗa tabarma a ci tuwo.

Kada a ɗauka wannan zancen ado ne kawai. A ƙasar Meziko, gwamnatin jihar Coahuila ta soma zuba wa talakawa siminti a ɗakunansu a shekarar 2000. Binciken da aka buga a 2009 ya nuna cewa inda aka maye gurbin turɓaya da siminti gaba ɗaya, gudawa ta ragu da kusan rabi a tsakanin ƙananan yara, tsutsar ciki kuma ta ragu da fiye da kashi 70 cikin ɗari. Dalili shi ne ƙasa mai ramuka tana ɓoye ƙazanta, ba ta kuma wankuwa.

Iyayenmu mata sun san haka tun da daɗewa, shi ya sa suke yin gayyar daɓe. Su zuba tsakuwa, su yayyafa ruwa, su jeru da madaɓi suna bugu suna waƙa, sa'an nan su shafe da ruwan makuba da ake samu daga ɓawon ɗorawa. Daɓen yakan fito da ƙarfi da sheƙi. Wanda bai da halin siminti, kada ya raina wannan, domin ya fi turɓaya nesa ba kusa ba.

A yau masu sayar da kayan gini suna tallar abu uku: katako, laminet da leda. Katako yana da kyau a ƙasashen sanyi, amma a nan gara ba ta barinsa, ga tsada, ga shi yana kumbura da damina ya tsuke da hunturu har ya buɗe baki. Laminet, wanda kamfanin Perstorp na ƙasar Suwidin ya ƙirƙiro a 1977, garin katako ne da aka matse da gam, aka lulluɓe da hoton katako. Babban abokin gābansa ruwa ne, idan ya jiƙa ya kumbura ba ya komawa. Mai son sa sai ya ajiye shi cikin ɗakin kwana biyu kafin ya shimfiɗa, ya sa leda mai hana laima a ƙarƙashi, ya kuma bar tazarar kamar santimita 1 a jikin bango ko'ina. Ledar ɗaki kuwa roba ce, ba ta tsoron ruwa, gara ba ta cinta, kuma ita ce ta fi dacewa da aljihun yawancinmu.

Aikin farko shi ne duba simintin da ke ƙasa, gama leda ba ta ɓoye aibi. Kowane rami ko tudu zai huda ta cikin 'yan watanni. A ƙwanƙwasa daɓen da sanda, inda aka ji yana ƙara kamar ganga, a fasa a sake. A kwaɓa awo 1 na siminti da awo 3 na yashi mai tsabta a cike, a lailaye. Iskar hunturu tana busar da siminti da gaggawa har ya tsattsage, saboda haka a riƙa ba shi ruwa safe da yamma har kwana 7. Bayan haka a bar shi ya bushe sarai. Sabon daɓe mai kaurin santimita 5 yakan ɗauki kusan wata biyu.

Ga hanya mai sauƙi ta gane ko ya bushe. A yanki farar leda, a manne gefunanta huɗu a ƙasa da salatif, a bar ta kwana ɗaya. In an ɗaga an ga gumi, to da sauran laima. Wanda ya shimfiɗa leda a kan laima, wari da baƙin fumfuna zai girba.

Sai awo. Ledar da ake sayarwa a kasuwa faɗinta yakan kai ƙafa shida ko mita 2. Ɗaki mai ƙafa 12 tsawo da 12 faɗi yana cin falle biyu, kowanne yadi 4, watau yadi 8. A ƙara yadi ɗaya domin bangon ɗakunanmu ba safai yake miƙewa sak ba, kuma zanen fallayen yana bukatar a daidaita shi. Wajen saye a taɓa kaurin da hannu. Araha ba ta ado, sirirriyar leda ƙafar gado kaɗai ta isa ta yaga ta.

Ran shimfiɗa, a share ɗakin sau biyu, domin ƙwayar tsakuwa ɗaya ta isa ɓarna. Da sanyin safiya leda takan sandare ta karye, don haka a warware ta a bar ta ta ɗan sha ɗumi. A shimfiɗa ta ta hau bango kaɗan, a kore iska daga tsakiya zuwa gefe da tsumma, sa'an nan a yanke rarar da sabuwar reza. A sa gam a mahaɗar fallayen da bakin ƙofa, a buɗe taga, kuma kada a kunna wuta kusa, gama tururin gam yana kamawa. Wannan aikin mutum biyu ne, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Bayan an gama, saura kulawa. Ƙasarmu rairayi ce, shi ne kuma yake cinye fuskar leda, don haka a tuɓe takalmi a waje, a ajiye buhu a bakin ƙofa. A sa guntun kwali ko katako a ƙarƙashin ƙafafun gado da kujera. Mata su kiyaye kaskon wuta da na turare, a ɗora su a kan bulo ko faranti mai yashi. Tsohuwar ledar da aka cire kuma kada a ƙone ta a tsakar gida ko a hura murhu da ita, domin hayaƙinta guba ne ga huhu.

Ɗan haya ya nemi yardar mai gida tukuna, ya kuma taƙaita gam domin ya iya naɗe kayansa ran tashi. Wanda kuɗinsa bai kai ya yi duka a bana ba, ya fara da siminti a ɗakin da yara suke kwana, leda ta jira kaka mai zuwa. Allah ya ba mu lafiya da abin yi.