Yadda ake koyar da tare abokin karawa a wasan zari-ruga

A Kano, kulob ɗin Barewa ya daɗe yana koyar da yara wasan zari-ruga. Matashin Gwarzo ko Kabo da ya taso yana kokawa bayan kaka ya riga ya san riƙo da kafa ƙafa, amma akwai abin da dole mai horarwa ya raba shi da shi: ɗaga mutum sama a maka shi da ƙasa, kai ya riga ƙafa sauka. Doka ta hana wannan, ta kuma hana kama wuya da bangaza babu runguma.

Tun kafin a haɗu ake cin nasarar tarewa. Ɗan wasa zai taho da gudu ya rage tazara, in ya matso sai ya gajarta taku, ya lanƙwasa gwiwa, baya a miƙe, ido a kan ƙugun mai ƙwallo, don ƙafa da kafaɗa suna yaudara. Kafaɗa ce ke fara taɓa cinya, kai ya koma gefe ta bayan ƙugu, hannuwa su rungume, ƙafafu su ci gaba da turawa. Wanda ya sa kai a gaban gwiwa yana neman buguwar ƙwaƙwalwa. Don rage buguwar ƙwaƙwalwa ne ma a 2023 hukumar World Rugby ta shawarci ƙasashe su gwada saukar da tarewa ƙasa da ƙashin ƙirji a wasannin da ba na ƙwararru ba.

Masu tarewa kuwa tare suke tasowa a sahu ɗaya, suna kiran juna. In ɗaya ya yi gaba shi kaɗai, ya buɗe ƙofa.

Filayenmu da rani ƙasa ce busasshiya. Don haka a fara wa yara a durƙushe kan yashi, sannan da tafiya, kafin gudu.