Make: Kalma Biyu Maimakon Dogon Umarni Ga Mai Rubuta Manhaja A Waya

A watan Satumban 2021 aka rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar 'yan bindiga, ciki har da Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa. A garuruwa irin Daudawa, duk matashin da koyon rubuta manhajarsa ya dogara kacokan kan intanet, aikinsa ya tsaya cak. Wannan ya nuna amfanin kayan aikin da ke zaune a cikin waya, ko da sabis ko babu. Make na ɗaya daga cikinsu.

Stuart Feldman ne ya ƙirƙiri Make a 1976 a Bell Labs da ke Amurka. Aikinta shi ne ta riƙe umarnin da mutum ke maimaitawa kullum, ta aiwatar da su a jere da zarar an kira sunan aikin. Wanda ya taɓa buga dogon umarni a ƙaramin kibod ɗin waya ya san yadda kuskuren harafi ɗaya ke ɓata komai.

Ana sauke Termux daga F-Droid a wayar Android, sannan a rubuta:

pkg install make python git

Saukewar tana buƙatar data. Bayan nan sai a buɗe fayil mai suna Makefile a cikin foldar aikin, a rubuta:

gwaji:
	python -m unittest

ajiye: gwaji
	git add -A
	git commit -m "aikin yau"

tura:
	git push

Idan aka buga make ajiye, Make za ta fara da gwaji. In gwajin ya faɗi, ta tsaya nan take, ba za ta ajiye aiki mai matsala ba. Duk wannan ba ya cin data ko kaɗan. Make tura kaɗai ke jiran ranar da sabis ya samu.

Inda sababbi suka fi yin tuntuɓe shi ne gibin da ke farkon layin umarni. Dole a yi shi da maɓallin TAB, wanda ke jerin maɓallan Termux a saman kibod. In aka saba wa wannan, Make za ta ƙi aiki ta nuna "missing separator".

Ga mai farawa, ayyukan nan uku sun isa. Duk umarnin da ya ga yana bugawa fiye da sau biyu a rana, sai ya ba shi suna ya ƙara a Makefile.