Tsiron da Ya Ƙi Awon Majalisa

A watan Afrilu na shekarar 2017, sa'ad da gwamnatin Kanada ta kai wa majalisar dokokinta daftarin dokar da za ta halatta wa manya tabar wiwi, akwai wani sharaɗi a ciki wanda ya fi ba manoma dariya fiye da yadda ya dami 'yan siyasa, shi ne cewa an yarje wa kowane gida ya shuka tushe huɗu, amma kada ɗayansu ya haura santimita 100, wato mita ɗaya, tsawon da da ƙyar ya wuce ƙugun mutum. Sharaɗin ya samo asali ne daga kwamitin da Anne McLellan, tsohuwar mataimakiyar firayim minista, ta shugabanta, wanda ya miƙa rahotonsa a ƙarshen 2016. Bai yi nisan kwana ba, domin a watan Oktoba na 2017 kwamitin lafiya na majalisar ya soke shi, kuma dokar da ta fara aiki ranar 17 ga Oktoba, 2018 ta ƙayyade adadin tushe ba tare da ta ce uffan a kan tsawo ba. Hujjar kuwa a sarari take ga duk wanda ya taɓa riƙe fartanya, domin mutum yana iya barin shukarsa ran Juma'a tana cikin haddi, ya je ziyarar dangi, ya komo ran Litinin ya tarar ta mai da shi mai laifi, alhali shi bai aikata kome ba, ita ma ba ta yi wani abu ba face abin da aka halicce ta a kansa.

Wannan ƙaramar mas'ala ta tsawo ita ce ta fi kowace fito da wahalar da ƙasashen da suka halatta shukar gida suke sha, saboda doka tana iya ƙidaya tushe, tana iya auna nauyin busasshen ganye, amma girman tsiro yana ƙarƙashin wani hukunci dabam, wanda rana da dare suke zartarwa. Wiwi tsiro ne na shekara guda, yana fitowa ya girma ya yi fure ya mutu a cikin 'yan watanni, amma a cikin 'yan watannin nan, idan ya sami ƙasa mai taushi da ruwa da hantsi, yana iya kai mita uku ko huɗu, wani ma har ya wuce, karansa ya yi kauri ya yi tauri kamar na itace. Masanin tsirrai na Suwidin, Linnaeus, ya rubuta shi a 1753 bisa irin dogon nan da Turawa suka daɗe suna nomawa don igiya da tufar jiragen ruwa. A 1785 Bafaranshe Lamarck ya bambanta wani irin da aka kawo daga Hindu, mai bugarwa. A 1924 kuma wani masani ɗan Rasha, Janischewsky, ya siffanta wani ƙaramin iri da ke fitowa da kansa a yankin kogin Bolga. Masu noman igiya sukan yafa irin a cunkushe da gangan, don kowane kara ya miƙe sama neman haske ba tare da ya yi rassa ba, amma mai tushe uku ko huɗu a bayan ɗaki yana ba kowane fili ne, shi kuwa sai ya baje ya yi sama lokaci guda.

Asirin lamarin yana ga tsawon dare. Muddin yini yana da tsawo, tsiron ba ya tunanin fure, sai ƙara ganye da ƙara tsawo. Ba ya juyawa zuwa fure sai dare ya fara tsawaita. Wani matashi Bafaranshe, Julien Tournois, ya lura da haka a 1912 a gwajin da ya yi da wannan tsiro, kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ci shi, sa'an nan Garner da Allard na ma'aikatar gona ta Amurka suka tabbatar da ƙa'idar a 1920, bayan da wata irin taba ta ƙi yi musu fure a gona har sanyi ya kashe ta. Manomin ƙasar Hausa ya san wannan ilimi a aikace tun kafin a ba shi suna, domin ya sani dawa, ko an shuka ta da ruwan fari ko an makara, kusan lokaci ɗaya take fid da kai a ƙarshen damina, sai dai wadda ta riga shiga ƙasa ta fi tsawon kara. Bambancin shi ne a Kano tazarar yini mafi tsawo da mafi gajarta ba ta wuce sa'a ɗaya da rabi ba, alhali a Ottawa yinin ƙarshen Yuni yana haura sa'a goma sha biyar da rabi, a Berlin kuwa yana neman sa'a goma sha bakwai. Saboda haka tsiron da aka dasa a waɗannan ƙasashe a watan Mayu yana da wata uku cur na girma ba tare da wani abu ya tsai da shi ba, kuma idan Agusta ta zo ya fara fure, sai ya ƙara wata irin zabura ta mako biyu ko uku, wadda takan ba sabon manomi mamaki, ya wayi gari ya ga kan shukarsa yana leƙen gidan maƙwabci.

A nan ne tsawo yake komawa maganar shari'a ta wata ƙofa, ko da an kore shi ta ƙofar farko. Jihar Kolorado ta Amurka, wadda ta halatta tushe shida ga baligi ta hanyar ƙuri'ar jama'a a 2012, ta shardanta a yi shukar a wuri killatacce mai kulle, ba a bainar jama'a ba. Lardin New Brunswick na Kanada ya ce shukar waje sai an kewaye ta da shinge mai kulle wanda tsawonsa bai gaza mita 1.52 ba. Lardin British Columbia kuwa ya ce kada a hango ta daga inda jama'a suke wucewa, kuma ba da wasa ya faɗa ba, domin a 2019, a garin Revelstoke, wasu ma'aurata sun buɗe lambunsu ga baƙi a ranar da mutanen garin suke zagayen kallon lambuna, cikin baƙin akwai ɗan sanda da ba ya bakin aiki, bayan 'yan kwanaki sai ga jami'ai da takardar bincike, suka tuge tushe uku suka tafi da su. Lardin Kwibek bai tsaya wannan lissafi ba, ya haramta shukar gida ɗungurungum, Kotun Ƙolin Kanada kuma ta tabbatar masa da ikon yin haka a 2023. A ganina masu wannan sharaɗi na ɓoyewa sun fi masu awon santimita fahimtar inda ciwon yake, gama abin da ya dami maƙwabci ba lissafin tsawo ba ne, abin da ɗansa zai hanga ta taga ne, da warin da zai cika masa tsakar gida a watan Satumba, wanda babu katangar da take tare shi.

To, yaya masu lambun suke yi da tsiron da ya fi shingensu? Babu wata dabara a cikin abin da suke yi wadda masu lambun inabi da tuffa ba su riga su sani ba. Kan tsiro, wato tohon da ke can ƙoli, yana sakin wani sinadari da yake gangarowa ta cikin kara ya danne tohon gefe, shi ya sa tsiron da aka bar shi da halinsa yakan tashi da kai ɗaya, ƙasa da faɗi, sama a tsuke. Masana biyu, Thimann da Skoog, su suka bayyana wannan a farkon shekarun 1930. Idan aka datse kan nan tun tsiron yana ƙarami, mulki sai ya rabu tsakanin rassan da ke ƙasa, ya yi faɗi maimakon tsawo. Waɗansu ba sa son yanka, sai su tanƙwara karan tun yana ɗanye su ɗaure shi da igiya mai laushi a jikin turke, ko su shimfiɗa raga a bisa shukar su riƙa cusa kowane reshe da ya ɗago a ƙarƙashinta, har mutum ya ga tsiron da ya kamata ya kai rufin ɗaki yana kwance a tsawon gwiwa ko ƙugu, ya mamaye fili kamu da yawa. Waɗansu kuma sukan bi ta ƙasa, su tsare saiwa a cikin tukunya, tun da tsiro ba ya wuce abin da saiwarsa ta ɗauka, ko su jinkirta dashe zuwa ƙarshen Yuni don su rage masa kwanakin girma. Sai dai kowace dabara da lokacinta, kuma wanda ya yi sakaci har fure ya kama, sa'an nan ya ɗauko almakashi don tsoron maƙwabci, ya yanke abin da ya yi wata huɗu yana jira ke nan.

Ba kowa ne yake son rage tsawon ba, domin dokar ƙidaya da kanta ta haifi ƙattan shuka. A gundumomin Humboldt da Mendocino da Trinity na arewacin Kalifoniya, inda aka daɗe ana wannan noma tun yana haram har aka halatta shi don magani a 1996, manoma sun gane cewa idan hukuma tushe take ƙirgawa, to riba tana ga mai da kowane tushe bishiya, sai suka riƙa tsirar da iri a cikin ɗaki tun sanyi bai wuce ba, suna dasawa a manyan buhunan ƙasa, suna kewaye kowane da keji na waya, har ya zamana sai da tsani ake duba kansa. Irin wannan girma yana da nasa haraji. Reshen da ya yi nauyi da fure yakan tsage daga jikin kara in ruwa ya jiƙa shi iska ta biyo baya, shi ya sa tokara da gwafa da raga ba sa rabuwa da babbar shuka. Tsakiyarta kuma, inda ganye ya yi duhu iska ba ta ratsawa, nan raɓar Satumba da Oktoba take kwana, nan kuma wata funfuna mai launin toka, ita ce dai mai ɓata inabi, take fara cin furen daga ciki, sai mai lambu ya ga ganye ɗaya ya bushe a kan cunkus ɗin fure, ya ja shi a hankali, ya fito a ruɓe. Ga kuma mas'alar jinsi, domin tsiron yana da namiji yana da mace, masu shuka macen suke nema, kuma namiji ɗaya da aka bari a unguwa, iska tana iya kwasar bununinsa ta kai wa lambunan da mai shi bai taɓa gani ba.

Wanda ya karanta littattafan magabata ya san ba yau aka fara rigimar lambun wiwi a cikin birni ba. Ibnul Baiɗar, masanin tsirran Andalus wanda ya rasu a 1248, ya ambaci irin Hindu da ya gani ana shukawa a lambunan Masar, ya kuma siffanta yadda yake taɓa hankalin masu yawaita shi. Masanin tarihi Maƙrizi ya ba da labarin lambun Kafur na Alƙahira da ya yi suna da wiwi, da yadda Amir Sudun Shaikhuni ya sa aka tuge ta a wuraren da ake nomanta wajen shekarar 1378, aka kuma azabtar da masu sha, amma ba ta ƙare ba. Fuƙaha'u ba su yi saɓani a kan haramcin abin da ke gusar da hankali daga gare ta ba, saɓaninsu a kan uƙuba yake: Ƙarafi, malamin Malikiyya, ya sa ta cikin masu ɓata hankali da ake yi wa ta'aziri, Ibnu Taimiyya kuwa ya riskar da ita ga giya. A Nijeriya dokar soja ta 1966 ta kai hukuncin noman wiwi har ga kisa kafin a sassauta a 1975, kuma har yau shuka ko da tushe ɗaya laifi ne da hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA, wadda aka kafa a 1989, take kai mutum kurkuku a kansa. Duk da haka binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya ƙiyasta masu shanta a mutum miliyan 10.6, mafi yawan abin da suke sha kuwa daga dazuzzukan Ondo da Edo da maƙwabtansu yake fitowa.

Ƙasashen da suka biyo bayan Kanada sun sake dabara, suka ƙara awon nauyi a kan ƙidayar tushe, ko da yake Urugwai ta riga su tun a dokarta ta 2013, inda ta ba gida tushe shida da giram 480 a shekara, bisa sharaɗin mutum ya yi rajista da hukuma. Jamus, wadda dokarta ta fara aiki ranar 1 ga Afrilu, 2024, ta ba baligi tushe uku a mazauninsa, amma ta ce busasshen da zai ajiye a gida kada ya wuce giram 50, alhali tushe ɗaya da ya sha ranar Yuni da Yuli a fili yana iya ba da ninkin wannan sau da yawa. Bajamushen da shukarsa ta yi albarka ya shiga tsaka mai wuya ke nan, domin doka ba ta yarje masa ya sayar ba, ba ta yarje masa ya yi kyauta ba, abin da ya haura haddi sai ya lalata shi da hannunsa. Wannan ya ƙara buɗe kasuwa ga masu sayar da iri, waɗanda suka daɗe da ɗauko ɗan ƙaramin irin nan na Bolga, wanda ba ruwansa da tsawon dare, da kwanakinsa kawai yake fure, suka barbare shi da irin mai ƙarfi, suka fitar da wani gajere da ba kasafai yake wuce mita ɗaya ba, wanda yake gama rayuwarsa cikin wata uku a tukunya a barandar bene.