Amanar Sa Hannu: Horo da Lasin Injiniyan Gyaran Jirgin Sama a Nijeriya

Gabatarwa

Kowace shekara idan lokacin aikin Hajji ya gabato, maniyyata daga Kebbe da Kuchi da Tambuwal da Dogon Daji da sauran garuruwan kudancin Jihar Sakkwato sukan hallara a filin jirgin sama na Sarkin Musulmi Abubakar na Uku don tafiya ƙasa mai tsarki. Kowannensu ya san da matuƙin jirgi, amma ƙalilan ne suka san cewa matuƙin nan ba shi da ikon tashi sai wani mutum dabam ya duba jirgin, ya sa hannu a littafinsa cewa lafiyarsa ƙalau. Wannan mutum shi ne injiniyan gyaran jirgin sama mai lasin. Manufar wannan lacca ita ce a bayyana yadda ake horar da shi, da yadda ake ba shi lasin, da dalilin da ya sa aka tsananta sharuɗɗan, sa'an nan a nuna hanyar da ɗalibi daga wannan yanki zai bi in yana sha'awar wannan sana'a.

Asalin Dokar

Jiragen sama sun fara sauka a Nijeriya ne a Kano cikin watan Nuwamba na 1925, sa'ad da jirage uku na mayaƙan sama na Ingila suka iso daga Masar. A wancan zamani kowace ƙasa da irin nata tsarin. Da sufurin sama ya bunƙasa, sai ƙasashe suka taru a birnin Chicago na Amurka a 1944, suka ƙulla yarjejeniyar da ta haifar da Hukumar Zirga-zirgar Jiragen Sama ta Duniya, wadda ake kira ICAO a taƙaice. Kundi na farko cikin kundayen ƙa'idojin wannan yarjejeniya ya shafi lasin ma'aikata ne, watau matuƙa, da masu ba jirage hanya, da injiniyoyin gyara. Hikimar abin a fili take: jirgin da aka gyara a Kano yau, gobe yana Jidda ko Landan, saboda haka tilas ne sa hannun da aka yi a nan ya zama abin dogaro a can.

A gida kuwa, Gwamnatin Tarayya ta kafa cibiyar horar da ma'aikatan jiragen sama a Zariya a 1964, da taimakon ICAO da Majalisar Ɗinkin Duniya. Ita ce yau ake kira Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Nijeriya. Hukumar da ke ba da lasin kuma, watau NCAA, an kafa ta da doka a 1999. Ya kamata a lura da wannan rabon aiki: makaranta tana koyarwa, ta ba da satifiket, amma ba ta ba da lasin. Lasin na hukuma ne, ita ke bayarwa, ita kuma ke karɓewa.

Matakan Horo

Mataki na farko yana makarantar sakandare. Ana bukatar ɗalibi ya ci darussa biyar da kyau, cikinsu har da Turanci da Lissafi da Fiziks. Ba don ado aka sa Turanci ba. Littattafan gyaran jirage da shi aka rubuta su, cikin wani salo mai taƙaitattun kalmomi wanda aka tsara musamman don kada jimla ɗaya ta ɗauki ma'ana biyu. Wanda ya kasa rarrabe umurni da gargaɗi a irin wannan littafi, ƙwarewar hannunsa ba za ta cece shi ba.

Mataki na biyu shi ne kwaleji. A Zariya ɗalibi yakan zaɓi ɗayan fannoni biyu: ko dai gangar jirgi da injinsa, ko kuma lantarki da na'urorin sadarwa da na nuna hanya. Ana haɗa karatun aji da aikin hannu a rumfar gyara. Cibiyar Fasaha ta Mayaƙan Sama da ke Kaduna ita ma tana koyar da fasahar injiniyan jirage.

Mataki na uku shi ne aiki a ƙarƙashin magabata, a ma'aikatar gyara wadda hukuma ta amince da ita. Bisa ga ƙa'idar ICAO, mai neman lasin da zai ba shi ikon sakin jirgi sukutum sai ya cika shekara 18 da haihuwa, ya kuma yi shekara huɗu yana aikin duba jirage da gyara su. Ana iya rage wannan zuwa shekara biyu ga wanda ya kammala horo a makarantar da aka amince da ita. Duk aikin da ya yi sai ya rubuta shi a littafinsa, mai lasin ya shaida. Bayan haka ne zai zauna jarrabawar hukuma, wadda ta haɗa da dokokin sufurin sama.

Ko an sami lasin ma ba a gama ba. Wanda aka horar a kan jirgi samfurin Boeing 737 ba shi da ikon sakin Airbus A320 sai ya yi kwas na wannan samfuri, an shigar masa a lasinsa. Bugu da ƙari, ƙa'idar ta ce cikin kowane wata 24 sai ya yi aƙalla wata shida yana aikin, in ba haka ba sai ya sake gamsar da hukuma kafin ya sa hannu.

Wannan tsari ba baƙo ba ne ga ƙasar Sakkwato. A makarantun ilimi na zaure, almajiri ba ya karantar da littafi sai malaminsa ya ba shi ijaza, ijazar kuma ta littafin da ya sauke ce kawai. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo har littafi ya rubuta, Ida'un Nusukh, inda ya jera malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu. Lasin injiniya ijaza ce ta zamani: shaida ce cewa an san wurin wanda ya koya, an san abin da ya koya, an kuma san iyakarsa.

Darasin Jidda

Mai tambayar dalilin wannan tsanani sai ya dubi abin da ya auku ran 11 ga Yuli, 1991. Wani jirgi samfurin DC-8 na kamfanin Nationair na Kanada, wanda aka yi hayarsa don jigilar alhazai da sunan kamfanin Nigeria Airways, ya tashi daga Jidda zai zo Sakkwato. Bincike ya nuna cewa tayoyinsa biyu ba su da isasshiyar iska, an kuma san da haka kwanaki kafin ranar. Makaniken jirgin ya nemi iskar naitirojin da ake hura wa tayoyin jirgi, ba a same ta nan take ba, jami'in da ke kula da jigilar kuwa bai yarda a jinkirta tashi ba. Daɗin daɗawa, an sauya alƙaluman da ke cikin takardun gyara, wanda ya sa hannun sakin jirgin kuma ba ya cikin waɗanda suka yi aikin dubawa.

Idan taya ta yi sanyi, nauyinta yakan koma kan abokiyar zamanta, sai wannan ta yi zafi ta fashe. Haka aka yi yayin da jirgin ke gudu a kan titin tashi. Ƙarfen ƙafa ya gogi kwalta, wuta ta kama, da aka naɗe ƙafafun kuma sai wutar ta shiga cikin jirgi. Matuƙa sun juyo za su sauka, amma jirgin ya faɗi kafin ya kai titi. Mutum 261 ne a ciki, babu wanda ya tsira. Allah ya ji ƙansu.

Abin lura shi ne, ba ilimi ne ya yi ƙaranci a Jidda ba, domin an ga aibin. Abin da aka rasa shi ne wanda zai tsaya ya ce jirgin nan ba zai tashi ba. Saboda irin wannan ne yau ake koya wa injiniyoyi darasin halayyar ɗan Adam a wurin aiki: gajiya, da gaggawa, da matsin lamba daga manya, da jin nauyin faɗin gaskiya. Wannan na ƙarshe ya fi shafar Bahaushe, wanda aka rena a kan kunya da girmama na gaba. Kunya ado ce a gida, amma ba ta da gurbi tsakanin injiniya da alƙalaminsa.

Kammalawa

Ɗalibin Kebbe ko Tambuwal da ke son wannan sana'a, tafiyarsa daga ajin sakandare take farawa, domin wanda bai sami malamin Fiziks ba, an rufe masa ƙofa tun bai san da ita ba. Nan ne nauyi ya faɗo kan ma'aikatan ilimi na jiha da na ƙananan hukumomi. Na farko, a wadata makarantun karkara da malaman kimiyya da kayan gwaji. Na biyu, idan za a ba da tallafin karatu, kada a tsaya ga matuƙa kaɗai, a tuna da masu gyara. Na uku, kada tallafin ya yanke ranar da aka karɓi satifiket, domin shekarun koyon aiki da kuɗin kwas na samfurin jirgi su ne gaɓar da ta fi wuyar ƙetarewa ga ɗan talaka. Aikin kuwa yana nan yana jira: an daɗe ana kai jiragen Nijeriya ƙasashen waje don babban gyara, sai a 2018 kamfanin Aero Contractors ya kammala irin wannan gyara a kan Boeing 737 a Legas.

Shi kuma ɗalibi ya sani cewa abin da hukuma za ta damƙa masa a ƙarshe iko ne iri biyu: ikon sa hannu, da ikon ƙin sa hannu. Duk shekarun karatu da jarrabawa an tsara su ne don ranar da zai bukaci na biyun.