Da Rumawa Ba Su Karɓi Addinin Kirista Ba: Wani Awo a kan Tarihin Turai

Hausawa sun ce da na sani ƙeya ce, a baya ta ke. Saboda haka wanda ya tashi yin magana a kan abin da bai faru ba, ya kamata ya fara faɗin dalilinsa. Dalilin kuwa shi ne, malamin tarihi ba shi da ikon cewa abu kaza shi ya haddasa abu kaza, sai ya auna a ransa yadda al'amari zai kasance da na farkon bai auku ba. In an zare turke aka ga akuya ta tsaya inda ta ke, to ashe ba turken ne ya riƙe ta ba. Masanin nan Bajamushe, Max Weber, ya bayyana wannan hanyar awo tun a 1906. Masu koyar da tarihin Turai a kwalejojin horon malamai sun san ɗalibai iri biyu. Akwai wanda ya ɗauka duk abin da Bature ya zo da shi, daga haruffa har kalanda, daga majami'a ya fito, akwai kuma wanda ya ɗauka addini bai taka wata rawa ba a ginin Turai. Awon nan shi ke raba gardama tsakaninsu.

Ya kamata kuma a yi wa tambayar iyaka. Zuwan Annabi Isa da abin da ya koyar ba fagen masanin tarihi ba ne ya ce da bai faru ba. Abin da za mu auna shi ne, da daular Rum ba ta rungumi addinin Kirista ba, ya zauna addinin tsiraru kamar yadda ya zauna a ƙasar Farisa, yaya tarihin Turai zai kasance?

Mararraba biyu

Wajen shekara ta 300, yawancin masana suna kirdadon Kirista ba su wuce kashi ɗaya cikin goma na mutanen daular ba, galibinsu kuwa a birane ne, musamman na gabas. A 303 Sarki Diyokilishiyan ya fara tsananta musu, aka rushe majami'u, aka ƙone littattafai. Ba a yi shekara goma ba, a 312, Kustantin ya ci abokin gābarsa Maksentiyus da yaƙi a wata gada bakin birnin Roma, ya kuwa danganta nasarar ga Ubangijin Kirista. A 313 aka ba kowa izinin bin addininsa, dukiya da gata suka soma kwarara zuwa ga majami'a. Da yaƙin nan ya juya, da ba tabbas a sami wani sarki mai irin wannan ra'ayi nan kusa.

Mararraba ta biyu ita ce ta Yuliyanus, ɗan ɗan'uwan Kustantin, wanda ya hau gado a 361. An rene shi Kirista, amma ya koma ga allolin kakanninsa, ya buɗe ɗakunan tsafi, ya janye gatan limaman Kirista, a 362 kuma ya hana Kirista koyar da littattafan Yunanawa a makarantu. A 363 mashi ya same shi a yaƙin Farisa ya mutu, yana ɗan shekara talatin da 'yan kai, bai cika shekara biyu bisa gado ba. Da ya yi shekara talatin kamar Kustantin, da labari ya iya sha bamban. Bayansa ba a sake sarki mai bin allolin dā ba, har Tiyodosiyus ya mai da Kirista addinin daula a 380, ya kuma haramta yanka ga gumaka a 391 da 392.

Wa zai cike gurbin?

Kada a zaci Rumawa za su tsaya cik bisa addinin kakanninsu. Tun ƙarni na 3 masu ilminsu suka karkata ga cewa akwai Ubangiji ɗaya maɗaukaki bisa sauran alloli, haka Falotinus, wanda ya mutu a 270, ya koyar. A 274 Sarki Awreliyan ya gina wa Rana babban ɗakin bauta a Roma. Sojoji da yawa suna bin Mitras, amma wannan ƙungiyar asiri ce ta maza kaɗai, addinin da ya bar mata a waje kuwa da wuya ya gāji gida. Addinin Mani yana da littafi da shugabanni da masu wa'azi, ya bazu daga Afirka ta Arewa har ƙasar Sin, Agustin ma, babban malamin majami'a, ya yi shekara tara yana binsa. Amma Rumawa sun ɗauke shi kayan Farisa, abokiyar gābarsu, suka tsananta masa.

Abin da ya fi kama da gaskiya shi ne, da an zauna da bauta iri iri, masu ilmi suna haɗa su ƙarƙashin Ubangiji ɗaya, sarki kuwa shi ne babban limami, kamar yadda sarakunan Rum su ke tun daga Agustus. Abin da irin wannan addini ya rasa shi ne tsari. Yuliyanus da kansa ya gane haka, gama ya nemi ya shirya limaman tsafi lardi lardi, ya umurce su da ciyar da baƙi da matalauta, watau ya kwaikwayi waɗanda ya ke gāba da su.

Abin da ba zai sāke ba

Edward Gibbon, wanda littafinsa a kan faɗuwar Rum ya fara fitowa a 1776, ya ɗora wa addinin Kirista wani kashi na laifin raunana daular. Amma akwai hujjoji biyu da ke rage ƙarfin wannan magana. Na farko, daular ta kusa wargajewa tsakanin 235 da 284, sa'ad da sarakunanta duka masu tsafi ne. Na biyu, sashen gabas ya fi na yamma yawan Kirista, ga shi kuwa na yamma ya faɗi a 476, na gabas ya kai 1453. Saboda haka matsin ƙabilun Jamus, da yaƙin basasa, da ƙarancin haraji, da sun yi aikinsu ko da wane addini.

Haka shari'ar Rumawa. Yustiniyan, sarki Kirista, shi ya sa aka tattara ta tsakanin 529 da 534, amma yawancin fatawoyin da ke ciki na masana ne irin su Ulpiyan da Papiniyan, waɗanda ba Kirista ba ne. Watanni goma sha biyu da sunayensu na Rumawa ne, Yuliyas Kaisar ya daidaita su tun kafin haihuwar Annabi Isa. Abin da majami'a ta ƙara shi ne ƙidayar shekaru daga haihuwar, wadda wani rahibi mai suna Diyonisiyus ya ƙago a 525, da kuma gyaran da Paparoma Giregori na 13 ya yi a 1582. Auren mace ɗaya ma dokar Yunanawa da Rumawa ce tun dā. Lissafin Yukilid, da likitancin Jalinus, da mantiƙin Aristo, duk sun riga kafuwar majami'a ko sun taso a wajenta.

Abin da zai sāke

Na farko shi ne rubutu. Sa'ad da mulkin Rum ya rushe a yamma, makarantun birane suka bi shi, domin amfaninsu shi ne horon ma'aikatan hukuma, hukumar kuwa ta tafi. Littafi a lokacin nan da hannu a ke kwafa, wanda ba a sabunta ba ruɓewa ya ke yi. Majami'a ce kaɗai ƙungiyar da ba ta iya rayuwa sai da karatu, domin addininta na littafi ne. Ta hanyarta harshen Latin da haruffansa suka shiga Ailan, wadda Rumawa ba su taɓa mallaka ba, suka koma Ingila a 597, daga baya suka kai Jamus da Polan. Yawancin littattafan Latin na dā da mu ke da su yau, kwafinsu mafi tsufa daga ƙarni na 9 ya ke, daga hannun ruhubanawa na zamanin Sharliman da 'ya'yansa. Amma fa abin yana da fuska biyu. Ruhubanawa sun kwafi abin da suka ga dama, suka bar saura ya ɓace, wani ma suka kankare don su sami fatar rubutu. A 1819 Anjelo Mai ya gano babban sashen littafin Sisero a kan mulki a ƙarƙashin wani sharhin Zabura na Agustin. Hannun da ya kankare shi, shi ne kuma ya adana shi ba da saninsa ba. Ilmin Yunanawa kuwa hanyarsa ta bi ta Bagadaza, inda Hunainu ɗan Ishaƙu, Kirista mutumin Hira wanda ya rasu a 873, ya fassara littattafan Jalinus zuwa Suryananci da Larabci, daga nan aka mai da su Latin a Andalus da Italiya. Da babu ƙungiya irin wannan, da arewacin Turai ya daɗe ƙwarai kafin ya sami alƙalami.

Na biyu, wanda a ganina ya fi duka nauyi, shi ne rabuwar sarki da limami. A 390 Ambros, bishop na Milan, ya tilasta wa Tiyodosiyus tuba a bainar jama'a saboda kisan gilla da sojojinsa suka yi a Tasalonika. A 494 Paparoma Gelasiyus ya rubuta wa sarkin gabas cewa iko biyu ne ke tafiyar da duniya, na limamai da na sarakuna. A 1077 Sarki Hanri na 4 ya tsaya kwana uku cikin sanyi a ƙofar ganuwar Kanosa yana neman gafarar Paparoma Giregori na 7, rigimar kuwa ba ta lafa ba sai da sulhun 1122. Inda giwaye biyu ke ja-in-ja, a kan ce ciyawa ke shan wahala, amma a nan ƙananan ƙungiyoyi sun sami tsaga suka shige. Birane da jami'o'i suka riƙa karɓar takardun 'yanci daga wannan don su kāre kansu daga wancan, kamar yadda jami'ar Faris ta samu daga Paparoma a 1231. Sai dai a lura da wani abu. A Kustantiniyya addinin ɗaya ne, amma sarki ya fi ƙarfin majami'a, domin gadon sarauta bai taɓa zama wofi ba. Ashe abu biyu ne suka haɗu a yamma, watau majami'a mai tsari da daula da ta rushe. In an cire ɗaya, sakamakon ba ya fitowa. Ƙasar Sin ta ba mu misalin wata hanya: daular Han ta faɗi a 220, addinin Buda ya bazu, amma a 589 aka sake haɗa ƙasar ƙarƙashin sarki ɗaya wanda ba wani limami da ke ja da shi.

Na uku shi ne aure da dangi. Majami'a ta hana saki, ta hana auren zumunta har zuwa dangantaka ta bakwai, kafin babban taron 1215 ya rage zuwa ta huɗu. Jack Goody, masanin al'adu wanda ya yi bincike a arewacin Gana, ya kawo hujja a 1983 cewa dokokin nan sun karya ƙarfin zuri'a, suka sa gādo ya riƙa faɗawa hannun majami'a. Waɗansu masana suna ganin ƙananan gidaje sun riga dokokin a arewa maso yammacin Turai, gardamar kuwa ba ta ƙare ba.

Na huɗu shi ne jinƙai. Attajirin Rum ya kan gina gidan wanka ko ya shirya wasa don mutanen garinsu su yabe shi, hatsin da hukuma ke rabawa kuma na 'yan ƙasa ne, ko da hali ko babu. Ciyar da mutum don talaucinsa kaɗai, wannan daga Yahudawa da Kirista ya shigo daular. Wajen 370 Basil, bishop na Kaisariya, ya gina gidan majinyata da kutare da baƙi, wanda a kan lissafa cikin asibitocin farko na jama'a.

Jini da bauta

A nan ne mai koyarwa ya fi bukatar adalci. Yaƙin da ya kai ga cin Ƙudus a 1099, da korar Yahudawa daga Sifen a 1492, da yaƙin shekara talatin na 1618 zuwa 1648 wanda ya cinye mutanen Jamus, duk da sunan addini aka yi su ko aka fara su. Amma Rumawa masu tsafi su suka shafe Kartaj a shekara ta 146 kafin Miladiyya, suka rushe Ƙudus a 70. Da yaƙi ya ci gaba da waɗansu sunaye, abin da watakila zai ragu shi ne kisan mutum don kalmar aƙida. Bauta ma haka. A 1455 Paparoma Nikolas na 5 ya tabbatar wa Fotugal izinin bautar da waɗanda ba Kirista ba, a 1807 kuma Wilberforce da abokansa, da hujjar addini, suka sa majalisar Ingila ta haramta cinikin bayi. Littafi ɗaya ɓangarorin biyu ke karantawa.

Abin da ya shafe mu

Haruffan da a ke karanta wannan takarda da su na Rumawa ne, sun kuwa girmi majami'a da ɗaruruwan shekaru. Amma majami'a ce ta kai su Ingila da Jamus, masu wa'azinta kuma, irin su Schön wanda ya buga nahawun Hausa a 1862, da Bargery mai ƙamus na 1934, suna cikin waɗanda suka ɗora Hausa bisa kansu. Kaya dabam, mai dako dabam, amma ba don mai dakon ba da watakila kayan bai iso ba. Malamin da ya sa ɗalibansa su ɗauki kowane abu na Turai ɗaya ɗaya, su tambayi wa ya ƙago shi, wa ya adana shi, wa ya kawo shi, zai ga amsoshin uku ba safai su ke zama ɗaya ba. Ya kuma gargaɗe su cewa awon nan yana da ƙarfi kusa da mararraba, yana raguwa da nisa. Game da shekara hamsin bayan Yuliyanus a kan iya yin magana da hujja, game da shekara dubu kuwa sai kirdado.